BA KOWANE SANYIN ƘASHI BA NE NA TSUFA: YADDA AKE GANE AMOSANIN GAƁOƁI DA AUNA ƘARFINSA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, wanda likita ne, ya gabatar a wajen taronmu na shekara-shekara. Mun buga shi ne domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya yana bayani a gaban waɗanda suka koya masa riƙon alƙalami. Ga malaminmu na bayoloji can a sahun gaba ina hangensa. Allah gafarta Malam, idan na yi kuskure a gyara mini, amma ina fatan an baro bulala a gida.

An ce in yi magana a kan lafiya, sai na zaɓi ciwon gaɓoɓi. Dalilina kuwa shi ne abin da ya faru a gidanmu a Falgore. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda duk bikin da za a yi a dangi ita ce mai tuƙa tuwo. Ba ta wuce shekara 40 ba sa'ad da ta fara kukan hannuwa da asuba. Aka ce sanyi ne, saboda wanki da ruwan rijiya a lokacin hunturu. Aka shafa man zafi, aka kira wanzami ya yi mata ƙaho, aka sha jiƙe-jiƙe. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka fara zancen sammu, har aka ɓata da wasu 'yan uwa. Daga baya aka riƙa sayo mata haɗin ƙwayoyi a kemis, ciwon ya lafa, fuskarta ta cika, mutane suka ce ai ta warke har ta yi ƙiba. Sai bayan shekara shida, ina makarantar koyon likitanci, na kai ta Kano. Lokacin yatsunta sun riga sun karkace, ko buta ba ta iya ɗagawa sai an zuba mata ruwan alwala. Likitan da ya duba ta bai ɗauki minti goma ba ya faɗi sunan cutar, sa'an nan ya ce da a shekarar farko muka zo, da hannuwan nan ba su lalace ba. Wannan magana ba ta bar ni ba har yau.

Mece ce wannan cuta?

Mu Hausawa duk ciwon gaɓa sunansa ɗaya, sanyin ƙashi ko amosani. A likitance kuwa ciwon gaɓoɓi iri-iri ne, kuma kowane da maganinsa. Wanda ya kama gwaggona shi ne amosanin gaɓoɓi mai kumburi, wanda za ku ji ana kira rumatoyid a asibiti.

Kowace gaɓa mai motsi tana da wani tantani da ya lulluɓe ta daga ciki, shi ne yake fitar da ruwan da ke sa ƙashi ya motsa ba tare da gogayya ba. A cutar rumatoyid, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce take juyowa ta far wa wannan tantani. Sai ya kumbura, ya yi kauri, ya shiga cin guringuntsi da bakin ƙashi. Wato mai gadin gida ne ya koma ɓarna. Ba sanyin ruwa ke kawo ta ba, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba aikin maƙiya ba ce. Gado yana da hannu a ciki, shan taba kuma yana ƙara haɗarin kamuwa da ita. Ba gaɓoɓi kaɗai take taɓawa ba, tana iya kawo ƙarancin jini, da bushewar ido, da ciwon huhu, tana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Wani likita ɗan Faransa, Landré-Beauvais, shi ya fara bayaninta a birnin Faris a 1800, sa'an nan Alfred Garrod na Ingila ya raɗa mata suna a 1859. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita, kuma kusan 70 cikin 100 mata ne.

Shin akwai ta a ƙasarmu?

An daɗe ana ɗauka cewa cutar Turawa ce. Dakta Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan kafin ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970, ya ba da rahoto a 1969 cewa cutar ba ta da yawa a yammacin Nijeriya, kuma ba ta cika tsanani ba. A 1993 aka buga wani bincike da aka yi a karkarar ƙasar Yarabawa, inda aka duba mutum kusan 2,000 ba a tabbatar da ita a jikin ko mutum ɗaya ba. Wannan ya sa likitoci da yawa ba sa ma kawo ta a ransu.

To, amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas suka fito da bayanin majinyata 200 masu wannan cuta da suka gani a asibiti ɗaya. Mafi yawansu mata ne, kuma idan aka yi tsaka-tsaki, sai da kowannensu ya yi kusan shekara biyar yana fama kafin ya iso wurin likitan gaɓoɓi. Ashe gwaggona ba ita kaɗai ba ce. Cutar tana nan tare da mu, ganewa ce take yin latti.

Alamun da ya kamata kowa ya riƙe

Alama ta farko ita ce kumburi. Ciwo kaɗai bai isa ba, domin wanda ya yini yana huɗa ko saran rake dole jikinsa ya yi tsami. Abin lura shi ne gaɓa ta tasa, ta yi taushi idan an danna, wani lokaci da ɗumi.

Ta biyu, wurin da kumburin yake. Rumatoyid ta fi son ƙananan gaɓoɓi: gindin yatsun hannu, da gaɓar tsakiya ta yatsu, da wuyan hannu, da gindin yatsun ƙafa. Ba ta cika taɓa gaɓar da ke kusa da farce ba. Yawanci kuma tana kama dama da hagu tare.

Ta uku, sanƙarewar safe. Mai ita yakan tashi da asuba hannuwansa a ƙage, ya kasa dunƙule hannu, ya kasa riƙe buta, kuma abin ya kai awa ɗaya ko fiye kafin ya saki. Motsi yana sassauta shi, zama wuri ɗaya yana ƙara shi.

Ta huɗu, daɗewa. Zazzaɓi iri-iri yana kawo ciwon gaɓoɓi na 'yan kwanaki ya wuce. Amma kumburin da ya kai mako shida bai tafi ba, wannan ya wuce a ce a jira a gani.

Akwai ɗan gwaji da kowa zai iya yi a gida. Ka kama hannun mutum ta gindin yatsu huɗu, ka ɗan matsa a hankali kamar mai gaisuwa. Haka ma a ƙafa. Mai lafiya ba zai ji komai ba, amma mai kumburin gaɓoɓi zai janye hannunsa da sauri. Idan kun ga dattijuwa ta fara gudun a kama mata hannu, ko mace ta daina matse wanki, ko ta kasa ɗaura zani da safe, to ku tambaya.

Abin da likita zai yi

Babu wani awo guda ɗaya da yake tabbatar da wannan cuta. Likita yana haɗa abubuwa huɗu ne: labarin da majinyaci ya bayar, abin da ya taɓa da hannunsa, awon jini, da hoto. Na farko da na biyu su ne jigo. Idan aka ce maka kana da rumatoyid ko ba ka da ita alhali ba a taɓa yatsunka ɗaya bayan ɗaya ba, to ba a gama dubawa ba.

Awon jini kashi biyu ne. Kashi na farko yana nuna ko akwai kumburi a jiki, kuma a takardar awo za ku ga an rubuta ESR ko CRP. Shi ESR jini ake zubawa a siririn bututu, a tsayar da shi awa ɗaya, a ga nisan da jajayen ƙwayoyin jini suka kwanta. Kumburi yana sa su yi saurin kwanciya. Amma waɗannan ba sa faɗin musabbabin kumburin, domin tarin fuka da ƙarancin jini da juna biyu duk suna ɗaga ESR.

Kashi na biyu yana neman sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa a kan jikin kansa. Tsohon cikinsu shi ne RF, wanda Erik Waaler na ƙasar Nowe ya ba da bayaninsa a 1940. A nan ne ake yawan ruɗewa. Mutum yana iya samun cutar sosai amma RF ya nuna babu. A cikin majinyatan Legas da na ambata, waɗanda RF ya nuna ba su kai rabi ba. Har ila yau, mutum yana iya zama ba shi da cutar amma RF ya nuna akwai, musamman a ƙasa irin tamu, domin yawan zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta da tarin fuka suna sa shi ya bayyana, haka ma tsufa. Shi kansa Greenwood ya yi rubutu a kan yawan samun RF a jinin 'yan Nijeriya waɗanda ba su da amosanin gaɓoɓi. Sabon awon, mai suna anti-CCP, an samo shi ne a Jami'ar Nijmegen ta ƙasar Holan wajen shekarar 2000. Ya fi RF gaskiya, domin da wuya ya bayyana a jinin wanda ba shi da cutar, kuma bayyanarsa tana nuna cewa cutar na iya yin tsanani. Duk da haka akwai masu cutar, wajen ɗaya cikin uku, da shi ma ba ya nunawa.

Hoton ƙashi kuwa, a watannin farko sau da yawa lafiya lau yake fitowa, saboda ɓarnar ba ta kai ga ƙashi ba tukuna. Kada wannan ya sa a koma gida a kwanta. Amfaninsa shi ne a ajiye na farko, a riƙa kwatanta shi da na baya. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai ciki da ita, tana iya nuna kumburin tantani tun kafin ƙashi ya taɓu.

Cututtuka masu kama da ita

Dole ne likita ya kore wasu cututtuka kafin ya yanke hukunci. Akwai zaizayar gaɓa, wadda ita ce ainihin ta tsufa da yawan aiki. Ta fi kama gwiwa da ƙugu da gaɓar kusa da farce, sanƙarewarta ba ta cika wuce rabin awa ba, kuma aiki ne ke ƙara ta. Akwai gawut, wadda ta fi kama maza, takan zo da dare farat ɗaya, sau da yawa a babban yatsan ƙafa. Akwai amosanin jini, wato sikila, wanda ke farawa tun ƙuruciya. Akwai tarin fuka da ke shiga gaɓa ɗaya ko ƙashin baya. A yanki irin namu mai shanu da nono, ba a manta da bakkale, wadda ake ɗauka ta shan madarar da ba a dafa ba. Ciwon hanta da ƙanjamau su ma suna kawo ciwon gaɓoɓi. Ga kuma cutar lufus, mai kama 'yan mata da ƙuraje a fuska da zubar gashi. Saboda haka idan likita ya rubuta awon hanta ko hoton ƙirji, ba neman kuɗi yake yi ba.

Abu ɗaya ba ya jira: gaɓa guda ta kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi. Wannan yana iya zama mugunya ce a cikin gaɓa, a kai mutum asibiti a ranar.

Maki shida cikin goma

Ku da kuka saba da jarrabawa za ku ji daɗin wannan. A 2010 ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da na Turai suka haɗu suka tsara ma'auni mai maki goma, domin maye gurbin na 1987 wanda ba ya kama cutar sai ta yi nisa. An tsara shi ne domin bincike, amma likitoci suna jingina da shi. Sharaɗi shi ne a ga aƙalla gaɓa ɗaya a kumbure, kuma babu wata cuta da ta fi dacewa da alamun. Yawan gaɓoɓin da suka kamu da irinsu yana da maki har 5. Awon RF ko anti-CCP yana da maki har 3. ESR ko CRP ya hau, maki 1. Ciwo ya kai mako shida, maki 1. Wanda ya sami 6 ana lissafa shi cikin masu cutar.

Ku lura da lissafin. Matar da gaɓoɓinta fiye da goma suka kamu, har da ƙanana, ta sami 5. Ciwon ya wuce mako shida, ta sami 1. Ta cika 6 ke nan tun ba a ɗebi jininta ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce hannun likita da bakin majinyaci su ne jigo.

Auna ƙarfin cuta

Gane cuta mataki ne na farko. Mai hawan jini ana auna shi a kowane zuwa, mai ciwon sukari ma haka. To, ita ma rumatoyid tana da ma'auninta. A yi hattara da amsar nan tamu ta "da sauƙi", wadda Bahaushe ke bayarwa ko da yana gargara. Tarbiyya ce mai kyau a wajen gaisuwa, amma a gaban likita tana ɓatar da shi.

Ana ƙirga gaɓoɓi 28: kafaɗa biyu, gwiwar hannu biyu, wuyan hannu biyu, gindin yatsu goma, gaɓar tsakiya ta yatsu goma, da gwiwa biyu. A kowace ana duba ko tana ciwo idan an danna, da kuma ko ta kumbura. Ma'aunin da ya fi shahara, DAS28, wanda aka fitar a Holan a 1995, yana haɗa wannan ƙirga da awon jini da ra'ayin majinyaci. Sama da 5.1 cuta ta yi ƙarfi, 3.2 zuwa ƙasa ta yi sauƙi, ƙasa da 2.6 ta kwanta.

Akwai wani kuma, CDAI, wanda ya fi dacewa da ƙananan asibitocinmu, domin ba ya bukatar awon jini ko na'ura. Tarawa ce kawai: gaɓoɓi masu ciwo, da masu kumburi, da makin da majinyaci ya ba halin da yake ciki daga 0 zuwa 10, da makin da likita ya bayar. Misali, masu ciwo 10, masu kumburi 8, majinyaci ya ce 7, likita ya ce 6, jimla 31. Duk abin da ya haura 22 cuta ce mai ƙarfi. Idan bayan wata uku da fara magani aka sami 3 da 2 da 3 da 2, jimla 10, to an sauko cikin sauƙi, magani yana aiki. Idan lambar ba ta motsa ba a wata uku, ko ba a kai inda ake so ba a wata shida, ƙa'ida ita ce a sake tsarin magani.

Bugu da ƙari, ana tambayar abin da mutum yake iya yi wa kansa. Takardun tambayoyin da ake amfani da su an tsara su ne a ƙasashen waje, suna zancen buɗe ƙofar mota da shiga bahon wanka. Mu a nan sai mu tambaya da harshenmu: Kina iya jan guga? Kina iya riƙe muciya? Kina iya zaman tahiya? Kana iya riƙe fartanya? Amsar waɗannan ita ce take nuna ko rayuwar mutum tana dawowa.

Dalilin gaggawa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɓarnar ƙashi takan fara ne cikin shekara biyun farko, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Amma idan aka fara magani a watannin farko, da yawa cutar takan kwanta, su ci gaba da sana'arsu. Magungunan suna nan a ƙasarmu. Babban cikinsu, metotirezet, sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba. Ba a ba mai ciki ko mai neman haihuwa, kuma sai an auna jini da hanta kafin a fara da kuma bayan an fara. Ba maganin da mutum zai saya wa kansa ba ne.

Su kuwa haɗin ƙwayoyin kemis, sau da yawa akwai firednisolon ko deksametason a ciki. Suna kwantar da kumburi nan da nan, shi ya sa ake yabonsu. Likita ma yakan ba da su na ɗan lokaci a kan ƙa'ida. Amma shan su wata da watanni ba bisa ƙa'ida ba yana kawo ciwon sukari da hawan jini da lalacewar ƙashi, da irin cikar fuskar da muka ɗauka ƙiba ce a jikin gwaggona. Suna kuma ɓoye alamun cutar, likita ya duba ya kasa ganin kumburi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ya tattara kwalayen ya kai wa likita ya gani.

Kammalawa

'Yan uwa, mu ne 'yan bokon gidajenmu. Daga Falgore zuwa Zarewa, Beli, Fulatan, Rogo da Ƙaraye, idan wani ya kwanta mu ake bugo wa waya. Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na ɗaya, idan kun je gida ku dubi hannuwan iyayenku mata da matanku da ƙannenku. Kumburin ƙananan gaɓoɓi dama da hagu, sanƙarewar safe ta awa ɗaya, mako shida: a tafi babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye, a nemi takardar turawa wurin likitan gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika.

Na biyu, a saya wa majinyaci ɗan littafi. A rubuta ranar da ciwon ya fara, da gaɓoɓin da suka kumbura, da tsawon sanƙarewar safe, da duk maganin da aka sha, na asibiti da na gargajiya, da makin kowane zuwa. Idan gaɓa ta kumbura a ɗauki hotonta da waya, domin ranar ganin likita tana iya sacewa.

Na uku, ina ba shugabannin ƙungiya shawara su duba yiwuwar taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin mota da na awo, domin sau da yawa wannan ne ke tsayar da mutane a gida. Haka kuma 'ya'yan ƙungiya ma'aikatan lafiya mu koya wa juna ƙirgar gaɓoɓi 28. Ba ta bukatar komai sai hannu da takarda.

Gwaggona ta rayu shekaru bayan an gane cutarta, ciwon ya lafa da magani, ta kuma shirya da 'yan uwan da aka zarga. Amma ba ta sake riƙe muciya ba. Ina fatan a cikin danginku ba za a sake irin wannan latti ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.